Yadda Ɗantsoho Ya Yi Suna

Ƙanena Ɗantsoho ba mugu ba ne. Na fara da wannan don kada a ɗauka ina da wata a ƙasa da shi. Ni na goye shi, ni na share masa majina, saboda haka in na faɗi halinsa ba ƙage na yi masa ba. Ciwonsa ɗaya ne tun yana yaro: yana son ya ji sunansa a bakin mutane. Wani dukiya yake so, wani mulki, shi kuwa in dai za a ambace shi a inda ba ya nan, ko bai ci abinci ba ya ƙoshi.

Ya gwada hanyoyi. Ya tsaya takarar kansila, ya sha ƙasa irin wadda har yau ban tabbata matarsa Zinatu ta jefa masa ƙuri'a ba. Ya sa aka rubuta masa ƙaton allo a kan shagonsa na bakin tasha, iskar farkon damina ta ɗauke shi, daga baya aka gan shi an rufe akurkin kaji da shi a wani gida. Ya haƙa rijiya a unguwa, aka zana sunansa a jikin siminti tun yana ɗanye. Mutane suka sha ruwa, suka yi godiya, suka ci gaba da kiranta rijiyar bayan mahauta.

Amma wanda ya fi tsone masa ido mutum ne da ya mutu tun kafin a haifi uwarmu. A nan wajenmu, Jega da ƙauyukanta, in mutum ya kawo sabon iri ya karɓu, da sunansa ake kiran irin. Akwai wata shinkafa da muka tashi muka tarar ana nomawa a fadama, doguwa, ja-ja, ba ta cika rumbu amma ba ta taɓa kunyata mai ita. Sunanta 'yar Altine. An ce Altine wani mai kwalekwale ne da ya zo da ita ƙulle a bakin rawaninsa. Babu wanda ya san kamanninsa, babu wanda zai iya nuna kabarinsa, amma ranar kasuwa sunansa ya fi na kowa yawo. Ni Uwani sana'ata ke nan, in turara shinkafa, in kai inji, in zauna a kasuwa in auna. Wuni nake ina cewa 'yar Altine ce, 'yar Altine ce. Ɗantsoho yakan zo ya zauna a bencina, kuma duk faɗa ɗaya sai na ga fuskarsa ta motsa kamar an taka masa yatsa.

Wata shekara ya tafi ta'aziyya can kudu, ya dawo da ɗan buhu a bayan babur. Ya ce wani mutum ya ba shi a tasha, kuma bai tambayi sunan irin ba. Na san dalili: iri mai suna ba shi da amfani a wurinsa. Ya jira rani, ya dasa ta a gonarsa ta bakin gulbi, ya kunna injin ban-ruwa, ya ɗura mata takin yuriya kamar ba da kuɗi ake saye ba. Gaskiya dai gaskiya ce, shinkafar ta yi kyau. Gajeruwa ce, ganyenta kore shar, zangarniyarta har tana sunkuyawa don nauyi. Rana tana dukanta daga safe har yamma, ko ɗigon tabo babu a jikinta. Da aka yanke, masu wucewa suna tsayawa su ƙirga tari da ido su girgiza kai.

Bai sayar da ko mudu ba. Rabawa ya yi, kyauta. Ya ɗaura buhu a babur ya bi Gehuru, ya bi Jiga Birni da Jiga Makera ta wajen Aliero, ya gangara ƙauyukan Maiyama, duk inda ya san akwai 'yar fadama. Sharaɗinsa ɗaya ne. Yakan cika mudu ya riƙe a sama, ba zai juye a zanen mutum ba sai mutumin ya ce 'yar Ɗantsoho. Wanda ya faɗa a ciki-ciki sai ya maimaita. Sannan ya ƙara da wa'azi: a dasa ta a matse, kada a bar fili, kuma kada a yi mata rowar taki. Mutanenmu kuwa in dai kyauta ce, ko sunan wa ka ce su faɗa za su faɗa. Kafin ruwa ya zauna, da wuya ka sami fadamar da ba a zuba irinsa ba. Ni ma na zuba a 'yar gonar da na gada, don ba ni da bakin ƙi. Ɗan lungu kawai na bar wa 'yar Altine, saboda tuwon sabuwar ba ya kwana.

Mutum biyu ne suka ɓata masa biki. Na farko Kefas, malamin gona, ɗan Zuru. Ya zo shagon ya ce bai kamata ƙasa guda ta zuba iri ɗaya ba, balle irin da ba a taɓa gwada shi da damina ba. Ya ce rani daban, damina daban. Maganarsa daidai ce, amma Kefas yana da wani hali: in ya fara bayani sai ya ɗauko shi tun daga makarantar da ya yi, ya haɗa da Turanci, har masu sauraro su fara duba ko lokacin salla ya yi. Da ya tafi, Ɗantsoho ya ce hassada ce, shekarun Kefas nawa a ƙasar nan ba a sa wa ko yakuwa sunansa ba.

Na biyu Malami, ɗan gwaggonmu da ke noma a Gehuru. Taubashinmu ne, tsakaninsa da Ɗantsoho wasa ne tun suna yara, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama ba a jin haushi. To, haka ake cewa. Da Ɗantsoho ya miƙa masa mudu a gaban jama'a, Malami ya sa hannu ya ɗebi ƙwaya ya duba, ya mayar.

"Tobashi, wagga shinkahwa kama taka yi da kai," in ji shi. "Gajeruwa ta, ga ci, ga son a gane ta. Ni dai ina nan wurin Altine."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Ɗantsoho ma ya yi, don dole. Amma Zinatu ta gaya mini ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Daminar wannan shekarar ta zo da ruwa mai naci. Da aka shiga watan Agusta sai ya zama yayyafi ba dare ba rana, gari ya lulluɓe, raɓa tana kwana a kan ganye har hantsi ya ɗaga ba ta bushe ba. 'Yar Ɗantsoho ta yi dabdala. Ta cika gonaki ta haɗe, ganye kan ganye, ko iska ba ta ratsawa. Ƙanena ya ƙara ƙiba a 'yan makonnin nan. Da kunnena na ji yara masu kiwo suna ambaton sunan irin, shi kuwa yana tsaye yana yi kamar bai ji ba, bakinsa har kunne.

Ana cikin haka wani mai kai gulma ya kawo masa labari cewa shinkafar Malami ta yi tabo. Ba sabon abu ba ne. Duk shekarar da ruwa ya yi yawa 'yar Altine takan yi ɗan tabo a ganyen ƙasa, dogo mai tsini biyu, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ja. Takan yi abinta ta wuce, kamar yadda tsoho yake tari da sanyi ya ci gaba da harkarsa. Babu mai kulawa. Amma Ɗantsoho ya ji kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

A al'adarmu in gonar mutum ta gamu da wani abu, ruwa ya ci ko shanu sun shiga, akan je a yi masa jaje. Ɗantsoho ya sa babbar riga, ya kafa hula, ya tafi Gehuru yi wa taubashinsa jaje. Ya shiga gonar yana salati, yana tambayar Malami ko yana da abin da iyali za su ci bana, in babu kada ya ji kunya ya yi magana. Sannan ya duƙa ya bi ganye masu tabo ya tsinke, ya zaɓi waɗanda suka fi muni, har ya tara dami. Malami yana tsaye yana kallonsa, ya ce ya ƙara ɗiba, ai ya rage masa aiki.

Nan ne ƙanena ya nuna shi mai dabara ne. Ya san ganye in ya bushe tabon ba zai fito sosai ba, shaida ta lalace. Sai ya sami buhun algarara ya jiƙa, ya naɗe ganyen a ciki, ya ajiye a gindin randa inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Kullum sai ya yayyafa masa ruwa. Zinatu ta ce tun da aka kawo ta gidan bai taɓa kula da wani abu haka ba, har ita.

Da ni ya fara. Da sassafe, raɓa jage-jage, ina gefen gonata ina duba kunya, sai ga shi da buhu a kafaɗa. Bai tsaya a gefe ba. Ya tattare riga ya kutsa har tsakiyar shinkafa, ya kwance buhun, ya zaro ganyen ya karkaɗe, ya ɗora a kan lafiyayyen ganye don in ga bambanci.

"Yaya, dibi abin da Altine yay yi ma tobashinki. Ki dibi tawa kuma."

Na matsa na duba. Tabon ya yi wani gashi-gashi mai launin toka, irin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da aka manta a kwano, ga wari. Na ce masa ya fitar mini da ƙazanta daga gona. Ba don na san wani abu na faɗa ba, warin ne ya dame ni. Ya yi dariya, ya ce kishin taubashi nake yi, ya yar mini da ganye ɗaya a wurin wai in nuna wa maƙwabta.

Daga nan ya ɗauki hanya. Kullum da an sallame asuba yana kan babur, don a lokacin ne ake samun manoma a gona. Duk wanda ya karɓi irinsa sai da ya kai masa ziyara. Yadda ya yi a tawa haka yake yi a ko'ina: ya kutsa tsakiya, ya kwance, ya karkaɗe, ya gwada ganye da ganye, ya miƙa a yi ta zagayawa hannu zuwa hannu, a yi dariyar Malami, a sake faɗin sunan iri, ya bar musu ɗan guntu ya wuce. In shaidar ta ragu ya koma Gehuru ya sake yin jaje. Mutum bai taɓa jajanta wa ɗan'uwansa da himma irin wannan ba.

A Jiga Birni suka yi kiciɓis da Kefas. Aminatu, wata bazawara daga Jiga Makera da ke noma 'yar fadamar marayunta, tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce da Kefas ya ga abin da ke cikin buhun, karon farko a rayuwarsa bai ɗauko zance daga makaranta ba. Ya ce wannan gashin da ke kan tabon 'ya'yan ciwon ne, ƙura ce da ido ba ya gani, ko numfashi aka yi a kanta tana tashi. In ta sauka a busasshen ganye sau da yawa mutuwa take yi, amma in ta sami jiƙaƙƙe sai ta tsira ta huda shi, kafin kasuwa ta zagayo ta yi nata tabon, shi ma ya yi tasa ƙurar. Ya ce ciwon ba abin da yake so kamar raɓa, da shuka a matse, da ganyen da ya sha taki ya yi taushi. Ya ce in iri daban-daban ne a fadama, ciwon yakan yi tuntuɓe a hanya, amma in duk ɗaya ne babu inda zai tsaya.

"Alhaji, don Allah ka ƙone buhun nan yau," in ji Kefas.

"Mi kaka nuhi? Wanga ciwon Altine na. Tawa ko saninai ba ta yi ba."

"Shi ne abin da nake tsoro."

Ɗantsoho ya naɗe buhunsa a hankali, ya ɗaure a babur. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ciwo yana tafiya a iska ba, in Kefas ya gani to ya kama ɗaya ya nuna. Jama'a suka yi dariya, don dariya ba ta da wuya in mai ba ka iri kyauta ne ya yi barkwanci. A ranar ya wuce Maiyama. Daga nan ma sai ya ƙara labarin Kefas a cikin wasan, yana kwaikwayon muryarsa, yana hura ganyen a fuskar shinkafa wai ga ciwo nan ya tura.

A gonata abin ya fara bayyana. Wata safiya na hango wani wuri a tsakiya ya canza launi, zagaye, faɗinsa bai wuce tabarma ba. Na shiga na duba. Tabo ne, irin na buhu sak, amma ba ɗaya-ɗaya ba kamar na 'yar Altine. Sun cika ganye sun haɗe, ganyen ya ƙone daga sama har ƙasa. Na tsaya na waiwaya, na ga daidai inda Ɗantsoho ya tsaya ya kwance buhunsa ne.

Na aika aka kira shi. Ya zo ya duba ya ce yunwa ce, taki ne bai isa ba, tun farko ya faɗa kada a yi mata rowa. Wannan fatawa ita ya raba wa duk wanda ya kawo masa kuka, mutane kuma suka bi, suka ƙara watsa yuriya. Shinkafa ta fitar da sabon ganye mai taushi, ciwo ya samu abin da yake so. Daga nan ciwon ba ya buƙatar babur. Iska ta karɓi aikin, ta ɗauka daga gona zuwa gona, yayyafi yana taya ta. Zagayen da ya fara kamar tabarma ya ci kunya, ya ci gona, ya tsallaka ta maƙwabci. In ka tsaya a kan tudu ka hangi fadama sai ka rantse wuta aka sa mata. Masu hali suka sayi maganin feshi, ruwa ya wanke kafin su kai gida. Kefas ya yi ta zirga-zirga har muryarsa ta dishe, amma an riga an makara.

Abin da ya tsira da ganye bai tsira da wuya ba. Da shinkafa ta fitar da kai, sai ciwon ya kama ta a maƙogwaron zangarniya, wurin ya yi baƙi ya karye. Kawuna suka tsaya fari fat, a miƙe, don babu nauyin da zai sunkuyar da su. Ka murza a hannu ka hura, babu abin da zai rage. A lunguna kuwa 'yar Altine tana tsaye da ɗan tabonta na kullum, ta sunkuya da ƙwaya. Haka ta Malami. Ban ji daɗin ganin haka ba, haushi ne ya kama ni, irin wanda ke sa mutum ya rasa wa zai mara.

Kada a ga ina ba da labarin da wasa a ɗauka abin wasa ne. Na je Jiga Makera lokacin yanka. Na tarar da Aminatu da 'ya'yanta suna bugun shinkafa a kan tamfol, suna bugu ƙaiƙayi yana tashi. Ita kaɗai ce gonarta, kuma duk ta zuba irin ƙanena, har 'yar Altinen da ta ajiye ta iri ta dafa wa yara tun da ta ga ta sami wanda ya fi. Ba ta zage ni ba. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na koma gida da kunya kamar ni na ɗauki buhun.

Mutanenmu ba su iya Turancin Kefas ba, amma suna da ido. Kowa ya tuna inda ciwon ya fara a gonarsa, kowa kuma ya tuna wa ya tsaya a wurin. Waɗanda ke hayin rafi, inda babur bai iya tsallakawa ba, ciwon ya same su a makare, sun ɗan tsira da wani abu. Da aka haɗa wannan da wancan a wuraren jaje, lissafi ya fita da kansa. Da farko cewa ake yi, nan ne inda Ɗantsoho ya tsaya. Sai ya koma, gonata ta yi tsayuwar Ɗantsoho. Bakin mutane ba ya son doguwar magana. Kafin a gama yanka, cewa kawai ake yi ɗantsoho ya shiga gonar wane.

Shi ne na ƙarshen ji. Ya daina fita shago, ya ce zazzaɓi. Tasa gonar ta fi ta kowa ƙonewa, don ta fi ta kowa shan taki. Malami ya zo yi masa jaje, kowa ya zuba ido ya ga ramuwa. Malami ya zauna, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tashi ya tafi. Ko kalma ɗaya ta wasa bai yi ba. Zinatu ta ce bayan fitarsa Ɗantsoho ya juya fuska bango. Taubashi in ya ƙi yi maka wasa, ya gama gaya maka matsayinka.

Wasan bai mutu ba dai, ajiye shi Malami ya yi. Da damina ta sake matsowa, kowa ya bazama neman tsohon iri, kuma a Gehuru yake. Malami ya raba wa Aminatu da ire-irenta ba tare da wani sharaɗi ba. Ɗantsoho ya daɗe yana juya abin a ransa, ƙarshe ya je, ni na raka shi. Malami ya cika mudu ya riƙe a sama.

"Wane iri kaka so, tobashi?"

Ɗantsoho ya faɗa a ciki-ciki.

"Ban jiya ba. Kunnena ya yi nauyi bana."

"'Yar Altine," in ji ƙanena, yana kallon ƙasa.

Malami ya juye masa, ya ƙara da wani mudun. A hanya Ɗantsoho ya ce mini aƙalla yanzu an wuce wurin, mutane mantuwa gare su, baɗi war haka babu mai tuna zancen. Na ji yadda ya faɗa, rabi fata ne rabi kuma baƙin ciki, don shi ko a nan ba ya son a manta da shi gaba ɗaya.

Ranar wata kasuwa yana zaune a bencina kamar da, ya ɗan fara dawowa hayyacinsa. Kusa da ni akwai mai sayar da maganin feshi. Sai ga wani dattijo, daga ganin ƙurar ƙafarsa daga nesa ya fito, ya ce daga can bayan Maiyama yake, wani ƙauye da ko ni ban taɓa jin sunansa ba. Ya yi sallama ya tambayi mai magani ko yana da maganin ɗantsoho, yana so ya tanada tun kafin ruwa ya sauka. Mai maganin ya saci kallon bencina, ya sunkuyar da kai yana lalube a kwali.

Dattijon mai son hira ne. Ya zauna a gefen ƙanena ya ba shi hannu. Ya ce bara ɗantsoho ya gama da su, ko iri ba su fitar ba. Ya ce jikarsa 'yar ƙarama in ta ga tabo ko a ganyen masara ne sai ta rugo tana cewa ga ɗantsoho. Ya ce limaminsu ma ya sa shi a addu'a, Allah ya tsare gonaki daga fari da ɗantsoho. Ya ce shi dai bai san inda aka samo sunan ba, amma duk ƙasarsu haka ake kiransa, har mutanen hayin gulbi.

"Kai hwa, Alhaji? Ya shiga taka?"

"Ya shiga," in ji ƙanena.

"Allah shi raba mu da shi, mu da ɗiyanmu da jikokinmu."

Na ji ƙanena ya ce amin. Ni ina riƙe da mudu, na kasa aunawa. Dariya ta zo mini har maƙogwaro, tausayi ya tare ta, don ga abin da ya nema tun yana yaro ya samu cif. Sunansa ya je inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, yara sun haddace shi, kuma zai kai shekarun da na Altine ya kai.

Dattijon ya karɓi maganinsa ya ƙulle a aljihu. Da zai tashi ya ce sun sha hira ba su san juna ba, ya faɗi sunansa da na garinsu, ya tambayi na Alhaji, ko wata rana hanya ta sake haɗa su.

Mutumin da ya taɓa riƙe mudu a sama sai an faɗi sunansa ya waiwayo ya dube ni. Sannan ya nuna ni da haɓa.

"Ni ƙanen wagga matar na," in ji shi.